Tabarau a Bakin Kwara

A kasuwar Malanville, cikin tulin gwanjon da ake kawowa daga Kwatano, wani saurayi Basarke ya tsinci tabarau na nutso. Kafin ya taya, sai da ya manna shi a fuska ba tare da ɗaura igiyar ba, ya ja numfashi ta hanci, robar ta kama ƙam. Haka ake gane wanda ba zai sha ruwa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Tun 1943 Cousteau da Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa can Faransa, amma a nan, kusa da gadar Gaya, idan taru ya maƙale a kututture, da numfashi ɗaya mutum yake sauka. Da damina Kwara jajir take, ko tafin hannunka ba ka gani. Kakannin saurayin da yatsu suka san ƙasan kogin nan, rami rami, kuma sanin yana cin shekaru. Sai ruwa ya kwanta tabaran zai yi masa rana. Ina so ya gani, wallahi, ina kuma so ya ci gaba da zama wurin dattawan da suka iya lalube.