Ƙashin Baya da Karatun Bayan Makaranta

A shekarun da nake majiya a Tawa, kafin a kawo mana yaro mai doro daga Keita ko Barmu, iyayensa sun riga sun gama zagayen maɗora da masu rubutun sha. Abin da muka fito da shi daga makaranta bai taka kara ya karya ba: tarin fuka kan sauka a ƙashin baya, ya cinye gaɓa ɗaya ko biyu, bayan ya karye gaba, wani lokaci ya danne laka ƙafafu su mutu. Sauran a bakin gadon majinyata muka tsince shi.

A lokacin, mai taɓa laka da wuƙa sai Yamai, wajen su Farfesa Samuila Sanoussi, tafiyar sama da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Talakan yankinmu na Adar kan sayar da bisashensa kafin ya kai.

A 2005 gwamnati ta fara ɗaukar likitoci na gama-gari tana ba su horon tiyata na shekara guda, don asibitocin gundumomi. Ciro jariri da gyaran ƙaba suka koyo, ba ɗaura ƙarfe a baya ba. Amma sun dawo da ido. Daga bakin ɗayansu na ji cewa yawancin masu doron nan maganin tarin fuka na watanni tara zuwa goma sha biyu ya ishe su, muddin an fara da wuri. Wanda ƙafarsa ke ƙara nauyi ko fitsari ya ƙwace masa, shi ne ba a kwana da shi. Ya kan ce mini, "Majiya, kar ka tsaya kallon doron, ka ce ya motsa yatsun ƙafa."

Daga baya asibitin Galmi, wanda mishan ta buɗe a 1950, shi ma ya shiga horar da masu tiyata ƴan Afirka.

Da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, sai wani irin baya ya fara iso mana: samarin da rami ya rufta wa, an naɗe su a bargo bisa kaya, mota ta yi kwanaki tana jijjiga su. Darasin da ya fi yi mana rana lokacin, ni a ganina, shi ne na ɗauka: a shimfiɗe mutum kan katako, a riƙe wuya, a juya shi gaba ɗaya kamar gungume. Direbobin tasha da masu kabu-kabu muka riƙa koya wa, don su ke fara isa gare shi.