Amanar Na Baya A Cikin Rairayi

Ƙasarmu ta Fashaga ba ƙasar rairayi ba ce. Baƙar laka ce mai nauyi, shimfiɗe tsakanin kogunan Sitit da Atbara da Basalam har zuwa iyakar Habasha. Da rani ta tsattsage har kofaton jaki ya shige, da damina kuma ta riƙe tayar mota kwana da kwanaki. Saboda haka yaranmu gwanayen taɓo ne. Yaro ɗan shekara 15 zai ɗora buhun riɗi a bayan babur, wanda a nan muke kira motar kamar yadda Larabawan Sudan ke faɗa, ya ratsa caɓi a hankali, ƙafa ɗaya a ƙasa, har ya fita.

Rairayi kuwa a labari muka gaje shi. Wasu daga cikin kakanninmu sun biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Wasu kuma maniyyata ne da suka taso a ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur da tuddan yashin Kurdufan, suna yada zango su yi noma su sami guzuri, har tafiyar ta zama zama. Tsofaffinmu sun ce a ayari jagaba ne ke gaba, madugu kuwa yakan biyo a baya, domin idonsa ya kasance a kan gurgu da mai ciki da jakin da ya gaji. Tsayawa ba ta da tsada ga mai tafiyar ƙafa. Idan wani ya faɗi, kira ɗaya ya isa a ja birki.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, mukan ga wasu irin matafiya a Gadarif: Turawa a kan manyan babura masu akwatunan ƙarfe, ƙura ta rufe su, sun nufi Gallabat za su shiga Habasha, a hanyarsu daga Alƙahira zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu. Wasunsu sukan ce daga Wadi Halfa sun bi gefen layin dogon da sojojin Ingila suka shimfiɗa a 1897 zuwa Abu Hamad, fiye da kilomita 300 na hamada tsantsa, inda tashoshin jirgi lamba suke da ita a maimakon suna. Wannan sha'awa tasu tana da asali. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a Sahara a kan babur a 1977, da aka ceto shi sai ya ƙirƙiro tseren Faris zuwa Dakar a ƙarshen 1978, wanda ya yi shekaru yana ratsa Agadas, kafin daga bisani a kai shi Saudiyya a 2020. Hotunansa ne matasanmu ke kallo a waya da dare. Ba mu ga laifin mai yawon buɗe ido ba, ƙasar Allah ce mai faɗi. Sai dai hoton ba ya nuna motar kayan gyara da ke biye, da likita, da jirgi mai saukar ungulu da ke jiran kira.

Namu yaran zinariya ce ke kai su. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, idon ƙasa ya koma kan haƙar zinariya. Da an gama yankan riɗi sai ka ga ƙauye ya yi shiru. Na kusa su tsaya a Butana, masu dogon buri su wuce Atbara zuwa kasuwar Abidiyya da Abu Hamad, daga nan su kutsa kwaruruwan hamada. Yawanci a bayan boksi ake tafiya, amma mai babur ba ya son barin nasa a gida, domin a can yana ciyar da shi: ya kai ruwa ramuka, ya ɗauko buhunan dutse zuwa injin niƙa. Kuma ba irin na Turawan ba ne, ƙananan babura ne na Sin da Indiya, waɗanda aka ƙera domin titin gari.

A nan ne gwanin taɓo ke komawa ɗan koyo, domin duk abin da laka ta koya masa rairayi yana ƙaryata shi. Laka tana son sannu-sannu, rairayi yana son gudu. Sai ka rage iskar taya, ka ja jikinka baya, ka riƙe wuta ba sassautawa, ka ƙyale kan babur ya yi rawarsa, kada ka taɓa birkin gaba. Tafiyar ma da asuba ake yin ta, lokacin da sanyin dare ya daskarar da fuskar yashi, kafin rana ta mai da shi gari. Wanda ya rage gudu tayarsa ta nutse. Wanda ya waiwaya hannunsa ya karkace, ya sha ƙasa. Wanda ya tsaya a tsakiyar laushi kuwa sai ya sauka ya tura, injin na ihu, mai na ƙonewa, shi kuma yana zubar da gumin da ruwan jarkarsa ba zai mayar masa ba. Ma'ana, a cikin rairayi tsayawa domin aboki abu ne da ake biya da mai da ruwa da ƙarfi, kuma kowa da maƙurar wutarsa a hannunsa.

Mu da ke riƙe da littafin mai gari mun ga inda wannan ke kaiwa. Samari shida suka tafi a kan babura huɗu, dukansu 'yan unguwa ɗaya, allo ɗaya suka wanke. A wani kwari bayan Abu Hamad sarƙar na ƙarshe ta tsinke. Ya yi ihu, ƙarar inji ta cinye muryarsa. Sauran ba su ankara ba sai da suka fita kan tsandauri, bayan tafiya mai nisa. Suka auna mai, suka ga idan sun koma babu wanda zai isa rijiya, ga kuma iska ta fara share sawu. Suka wuce da niyyar turo mota. Allah Ya yi yaron na da sauran kwana: ya haƙa rami a inuwar babur ya kwanta, a rana ta biyu masu jigilar ruwa suka tsince shi, harshe ya kumbura. Da aka koma ɗauko babur ɗin, an riga su.

Da suka dawo gida, mahaifinsa ya kawo ƙara zaure. Malamanmu suka buɗe Muhtasar na Shaihu Halilu, inda mazhabar Malikiyya ta ɗora lamuni a kan wanda ke da ikon tsamo rai ko dukiya daga halaka amma ya bari. Sai gardama ta tsaya a kan iko. Wanda ke gabansa ya rantse bai gan shi ba, kuma mun yarda da shi, domin duk wanda ya hau yashi ya san ba a waiwaye. Mahaifin ya ce ai shi ya sa ake yin alkawari tun kafin a shiga. A ganinmu a nan ya fi su gaskiya. Sunna ta hana tafiyar kaɗaici, ta kuma umarci matafiya ko su uku ne su naɗa shugaba, su kuwa shida suka tafi babu amir, babu wanda aka ce wa wane amanarka ne. Mai gari ya yanke cewa su biyar ɗin su haɗa kuɗin babur, suka biya a kaka biyu.

Tun daga nan duk ayarin da zai tashi sai ya zo zaure mun rubuta sunayensu bi da bi, yadda za su jeru a hanya. A naɗa amir, kuma shi ne zai bi baya da kayan gyara da sarƙar ajiya. Kowa na bayansa ne amanarsa: da an fita kowane laushi a tsaya kan ƙasa mai tauri a ƙirga kawuna, ba a shiga na gaba sai an cika. Mai da ruwan komawa a ware su daban, ba a taɓa su. Wasu samarin suna ganin tsufa ne ke damunmu, sukan sulale da dare ba tare da sun biyo ta zaure ba, kuma ba mu da igiyar ɗaure su, musamman yanzu da yaƙi ya tsayar da makarantu da yawa ya kuma tsananta tsadar rayuwa.

Yaran nan biyu kuwa, wanda aka bari da wanda ke gabansa, har yau sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, suna gaisawa. Bana bayan yankan riɗi dukansu sun sake komawa arewa, kowanne da nasa ayarin. A shafi daban-daban muka rubuta su.