Ginin Baba da Wutar Rana

Fataken da ke zuwa Potiskum daga Kudu don sayen shanu labarin zafinmu kawai suke ji kafin su taso. Sai watan Disamba ya riske su a garin, su kwana a gindin tirela, sannan su san cewa sanyinmu ma ba na wasa ba ne. Mu da muka tashi a nan a shekarun 1980, tun muna cikin tsohuwar Jihar Borno kafin a yanko Yobe a 1991, da waɗannan abubuwa biyu muka girma: hunturun da ke fasa leɓe da diddige, da bazarar da ke hana barci.

Gidanmu na ƙasa ne, a wajen Dogo Tebo. Baba da kansa ya tsaya a kan ginin, shi da magini guda da samarin dangi. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsimawa, a mulmula tubali a shanya. Kaurin bangon ɗakin Inna daga ƙasa ya kai kamu guda, yana sirancewa zuwa sama, rufin kuma azara ce aka jera aka ɗora ƙasa. Da azahar a watan Afrilu, in ka shiga ɗakin daga tsakar gida, sai ka ji sanyi ya sauka a bayan wuyanka. Da hunturu kuma bangon nan ya wuni yana shan rana, ya kwana yana sako ɗumin a hankali har asuba. Wahalarsa guda ce, yaɓe. Duk shekara kafin ruwan farko sai an hau sama an toshe tsaga, an gyara indararo, wanda ya yi sakaci kuwa damina ta tona masa asiri.

Abin da ba na mantawa shi ne kaskon wuta. Bayan isha'i Inna kan zuba garwashi a kasko ta kai ɗaki mu zagaye shi, amma ba ta taɓa bari ya kwana tare da mu ba. Wata rana yayana ya roƙe ta.

"Inna, ki bar mana shi yau mana, sanyin ya yi yawa."

"Kul na sake ji! Garwashi ba ya kwana da mutum a rufaffen ɗaki. Ku ƙara bargo."

Ba ta yi boko ba, amma abin da ta faɗa shi likitoci ke faɗa. Gawayi in yana ci a inda iska ba ta shiga, yana fitar da wata guba marar launi marar wari, mutum ya yi barci ya wuce. Hayaƙin janareta ma haka yake, kuma ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya a ƙasar nan. Duk wanda zai ji ɗumi da gawayi, ya ɗumama ɗakin tagar na buɗe, ya fitar da kaskon kafin ya kwanta. Janareta kuwa muhallinsa waje, nesa da taga.

Da muka girma, ginin bulo da kwano ya zama alamar mutum ya samu. Ban ga laifin kowa ba, don ya raba mu da yaɓen shekara-shekara da gara. Sai dai da yawa an yi shi cikin gaggawa: bulo mai inci shida, rufi gajere, ba silin. Irin wannan ɗakin da rana tanda ne, da asubar Janairu kuma sanyi ya ratso kwanon ya same ka har cikin bargo. Daga nan aka shiga neman fanka, fanka ta nemi wuta, wutar gari kuma ba kullum ba, sai aka koma ƙaramin janareta. Na tuna darare da yawa a unguwa, kowane gida da ƙarar nasa, ba ka jin sallamar maƙwabcinka.

Sola ta fara shigo mana ne ta 'yan fitilu masu caji da rumfunan cajin waya. Amma ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, ita ce ta sa har wanda bai taɓa tunanin farantin sola ba ya fara tambayar kuɗinsa. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba.

Lokacin da na zo ginin nawa, da kaɗan-kaɗan na yi shi kamar yadda yawancinmu ke yi, yau buhun siminti, gobe tifar yashi. Shawarar da ta fi yi mini amfani daga wani dattijon birkila ta zo, wanda ya fara sana'arsa da ginin ƙasa. Ya ce mini, "Yaro, ka ƙara layi biyu na bulo a kan linta, ka sa silin tun kafin ka sayi tayil. Tayil ado ne, silin barci ne." Ya sa na mayar da manyan tagogi kudu da arewa, bangon yamma da rana ke duka da la'asar na yi masa baranda na dasa darbejiya. Ya kuma hana ni sayen bulon da ake bugawa a ja buhu ɗaya ya haifi hamsin ko fiye. Mu muka buga namu, muka yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Ka murza gefen bulo da yatsa, in ya zube gari, bar shi a wurin.

Ɗakin da aka gina haka fanka ɗaya ta ishe shi, kuma nan ne lissafin sola yake farawa. Kada ka je kasuwa ka ce a ba ka "mai ƙarfi". Zauna da takarda ka ninka wat ɗin kowane kaya da awannin da yake aiki. Ƙwayayen fitila huɗu masu wat 10 na awa biyar, 200 ke nan. Fanka biyu irin na sola masu wat 20 na awa goma, 400. Talabijin mai wat 60 na awa huɗu, 240. Da cajin wayoyi, ka doshi 900 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar kimanin 2,400, amma in na ruwa ne rabin kawai ya kamata ka ci, in kana so ya yi shekaru. Faranti mai wat 300 kan iya mayar da abin da ka ci a rana mai haske, biyu kuma sun fi kwanciyar hankali saboda hazo. Yanzu ka duba hita mai wat 1,500: kafin ta cika awa guda za ta shanye rabon daren gaba ɗaya. Ita da dutsen guga su ne ajalin batir a gidajenmu. Ruwan wankan yara da hunturu, baƙar jarka a rana tun hantsi ta wadatar, na asuba kuma a dafa a zuba a fulas.

Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan karkata shi, don mu muna arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 12, karkatar kuma tana taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. Ƙurar hunturu ita ce babbar ɓarauniya. Na sha ganin mutum yana zagin wanda ya haɗa masa sola, alhali farantinsa ya yi fari fat da ƙura. A goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin ya yi zafi, shi ya sa tun wajen gini ya kamata a tanadi hanyar hawa. Batir ba ya son zafi, a sama masa wuri mai iska, ba ɗakin kwana ba, a riƙa duba ruwansa, kuma ruwan batir na ainihi za a zuba, ba na rijiya ba. Waya daga batir zuwa inbata ta zama mai kauri kuma gajera, da fis a tsakani, don siririyar waya ita ke ɗaukar zafi ta ta da gobara.

Wanda yake kan gini yanzu, ko ba shi da kuɗin sola a bana, ya gaya wa mai wayarin ya raba layi biyu tun kafin filasta: ɗaya na fitilu da fanka, ɗaya na kaya masu cin wuta. Bututu ne da 'yar waya kawai za su ƙaru, sun fi fasa bango daga baya sauƙi.