Kifin shak a Tireshbil

Shekara 20 ina kasuwanci a Ajame, ban taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Ran nan da asuba ƙanena mai sayar da garba ya ja ni tashar kifi ta Tireshbil sayen tuna. Can na ga shak kwance, ya fi ni tsawo, fatarsa kaushi kamar samfefa. A Afirka ta Kudu har kuɗi mutane ke biya su nutse kusa da shi. Ikon Allah! Nan ma, gaba da mashigar Vridi, akwai kwazazzabo ƙarƙashin teku, Trou sans Fond, wato rami marar gindi. Autana kuwa kullum naci yake in bar shi ya koyi nutso da tulun iska. Har yau ban ba shi amsa ba.