Yadda ƴan sikut mata suka shirya tafiya Mirya

Ni malama ce a wata makaranta ta garin Damagaram. Ban da aikin aji, ina kula da ƙungiyar ƴan sikut mata. Su 24 ne, ƙaramarsu tana da shekara 10, babbarsu 14. Mutane suna tsammani aikina shi ne in ba da umurni, yara su bi. Ba haka ba ne. Babban aikina a cikin ƙungiyar shi ne in zauna gefe in kama bakina, in bar yaran su yi shawara da kansu. Wannan ya fi koyar da lissafi wuya.

Yara, bari in fara gaya muku inda sikut ta samo asali. A shekarar 1907 wani soja na Ingila, Baden-Pawel, ya kwashi yara maza 20 ya kai su wani tsibiri da ake kira Baraunsi, suka yi zango. Ya raba su rukuni 4, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. A 1909 aka yi babban taron ƴan sikut a Landan. Sai ga waɗansu ƴan mata sun zo, ba wanda ya gayyace su, suka ce su ma ƴan sikut ne. A 1910 aka kafa ƙungiyar mata, ƙanwarsa Agnes ta shugabance ta. A 1912 wata mace, Juliyet Lo, ta buɗe irinta a Amurka da ƴan mata 18. A 1928 ƙungiyoyin mata na ƙasashe suka haɗu suka kafa ƙungiyar duniya. Kun ga ke nan, ƴan mata su suka nemi wurinsu da bakinsu.

A ƙasarmu ma shugabancin yara ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni akwai sarkin samari a ƙauyuka, ƴan mata kuma suna da tasu shugaba. Su ke kiran gayya, su ke tsara wasa a dandali. A zamanin shugaba Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya a ko'ina cikin Nijar. Saboda haka in na yi wa iyaye bayanin sikut, da misalin samariya nake farawa, nan da nan sai su gane.

Ƙungiyarmu ma rukuni 4 ce, kowane da yara 6: Barewa, Zabuwa, Balbela da Kurciya. Kowane rukuni shi ke zaɓen shugabarsa. Shugabannin nan 4 su ne majalisa. Ina zama cikinsu, amma ba ni da ƙuri'a. Wuri ɗaya ne nake sa baki ko ba a tambaye ni ba, shi ne inda na hango haɗari ga lafiyar yaro.

Wata shekara, da sanyi ya shigo, majalisa ta yanke shawara za mu tafi Mirya, mu ga masu ginin tukwane da lambuna. Mirya tana gabas da Damagaram, tafiyar kilomita 18. Ni a raina na fi son mu shiga Birni mu ga fadar Sarki, don ba sai an nemi mota ba. Ban faɗa ba. Shugabar Balbela ta buɗe littafinta ta rubuta tambaya 5: Yaushe? Da me za mu je? Me za mu ci, me za mu sha? Nawa ne kuɗin? Wa zai nemi izinin iyaye? Aka raba aikin, kowane rukuni ya ɗauki nasa.

Barewa suka ɗauki maganar kuɗi. Suka aiki ƴan uwansu maza tasha suka tambayo kuɗin mota, suka haɗa da na abinci, sai ya kama jika 20. Kowace yarinya ta riƙa ajiye dala 10 duk mako. Bayan mako 10 kowace ta tara dala 100, na yara 24 ya zama jika 12. Saura jika 8. Wata ta ce: "Malama, ki cika mana." Kafin in buɗe baki ma'ajiya ta ce: "In Malama ta cika, tafiyar ta zama tata." Sai suka dafa zoɓo suka sayar a ƙofar makaranta lokacin shan iska, har kuɗin ya cika.

Zabuwa suka ɗauki ruwa da abinci. Duk ɗan Damagaram ya san darajar ruwa. Suka ce mu 26 ne, da ni da wata uwa da za ta raka mu. In kowa ya sha lita 3, lita 78 ke nan. Ga dafuwa, ga alwala. Bido ɗaya lita 25 yake ci, don haka suka tanadi bido 4. Kurciya suka haɗa jakar magani: auduga, bandeji, sabulu, gishiri da sukari. Duk sun haddace haɗin ruwan da ake ba mai zawo: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Aikin da ya fi nauyi shi ne na Balbela, wato neman izini. Iyaye 23 suka yarda. Uba ɗaya ya ce ƴarsa ba ta zuwa ko'ina. Ya ce ƴa mace ba ta yawon dawa, kuma ran Asabar ita ke kai wa uwarta talla. Abin bai tsaya ga tafiyar kaɗai ba. An riga an fara maganar fitar da yarinyar nan daga makaranta, kuma na san in ta fara rasa ayyukan ƙungiya, saura kaɗan ta rasa aji.

Shugabar Balbela, yarinya ƴar shekara 13, ta ce su za su je. Na raka su, na zauna kan tabarma wajen uwar gida. Suka durƙusa suka gaida shi. Ta ce: "Baba, mun zo roƙon arziki ne. Ga takardar shirinmu. Ƙarfe 7 za mu tashi, kafin magariba mun komo. Inna ta gidan liman za ta raka mu. Tallar kuma, mu 5 za mu kama mata ran Juma'a da marece da ran Lahadi, ba za a yi asarar ko dala ɗaya ba." Ya karɓi takardar, ya sa ƴarsa ta karanta masa da Hausa. Ta karanta tun daga kuɗin mota har lissafin ruwa, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya ce: "Wa ya tsara muku wannan?" Suka ce: "Mu ne, Baba." Ya yi shiru. Can ya ce: "Allah ya kiyaye hanya." Da ni na yi maganar, da ya ce aikin malamai ne, sun saba. Abin da ya karya masa gwiwa shi ne ya ji ƴarsa tana karanta aikin da ita da ƙawayenta suka yi.

Ran tafiya kowa ta ɗaura ƙyallenta a wuya. A Mirya muka zauna wajen mata masu ginin tukwane, muka ga yadda ake kwaɓa yumɓu, a gina tulu da hannu, a shanya, sannan a gasa. Yara suka yi tambayoyi, marubuciyar kowane rukuni tana rubutawa. Muka dafa shinkafa da wake a gindin itace, muka yi azahar. Da aka gama, Zabuwa suka kashe wuta da ruwa da ƙasa, suka tsince duk wata leda.

Mun yi da direba zai komo ƙarfe 4. Ƙarfe 5 ta yi, babu shi. Ƙananan suka fara ɓata fuska. Shugabannin 4 suka dube ni, ni kuma na dube su. Sai suka ja gefe suka yi shawara. Aka busa usur, kowane rukuni ya ƙirga mutanensa. Aka duba ruwa, saura bido guda. Aka ce kada kowa ta bar gindin itacen. Suka roƙi Inna ta buga waya gida a shaida wa iyaye, suka fara da gidan uban nan, tunda sun yi masa alkawarin magariba. Sannan suka tada wasan gaɗa don ƙananan su manta. Da motar ta iso, taya ce ta fashe masa a hanya. Mun shiga gari ana kiran magariba, uban yana tsaye a ƙofar gida. Yarinyar nan ta ƙare aji 6, ta wuce gaba.

Ran Laraba majalisa ta zauna ta duba tafiyar. Ma'ajiya ta karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, saura dala 60. Suka rubuta doka sabuwa: duk fitar da za a yi nan gaba, sai an karɓi lambar wayar direba, kuma a ajiye kuɗin ko-ta-kwana.

Taken ƴan sikut shi ne su zauna kullum a shirye. Hausawa kuma sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Ku ma, yara, ba sai kun sami ƙyallen wuya ba. Ku haɗu ku 6, ku zaɓi shugaba, ku ɗauki aiki guda, ko sharar filin makaranta ko ban ruwan itatuwa. Ku rubuta wa zai yi me, da yaushe. Sannan ku kai wa malaminku takardar, ku roƙe shi ya zauna ya kalla.