Mataimakin Da Ya Kwantar Da Maigida

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin kwamfuta irin ta shekarun 1980 zai ga wani gurbi wayam kusa da ƙwaƙwalwarta, a kan babban allon da komai ke manne. Ba sata aka yi ba. Wurin mataimakin lissafi ne, wato 'yar na'urar da ke karɓar lissafi mai ɗigo, wanda ƙwaƙwalwar kan yi da jan ƙafa. Kamfanin Intel ya fitar da 8087 a 1980, kwamfutar IBM ta 1981 kuwa ta zo da gurbinsa, mai hali ya saya ya cika.

Abin da ya sa nake wannan zance shi ne tambayar da ɗalibaina ba sa gajiya da ita duk sa'ad da tsofaffin na'urori na gwanjo suka shigo hannunmu: "Malam, in aka ciro wannan daga waccan, zai shiga nan?" Yara ne da iyayensu ba su da kuɗin sabo, don haka tambayar ba ta wasa ba ce. To, shiga daban, aiki daban. Da 8087 da ƙanensa 80287 duk ƙafa 40 gare su, za su zauna daram a gurbi ɗaya, amma wayoyin ba ɗaya ba ne, kowanne da ƙwaƙwalwar da yake jin maganarta. Akwai lokacin da tsoho ya samu shiga sabon gida: da 386 ta fito a 1985 mataimakinta bai shirya ba sai 1987, saboda haka allunan farko, irin na Compaq na 1986, suka yi maneji da 80287.

A 1989 sai 486DX ta haɗiye mataimakin cikin cikinta. Nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. A 1991 aka fitar da 486SX mai araha, ba ta da sashen lissafin nan mai aiki, aka ce wanda yake so ya sayi 487SX ya sa a gurbi na biyu. Ashe shi 487SX ɗin cikakkiyar ƙwaƙwalwar 486DX ce aka sauya wa suna da tsarin ƙafafu. Da ya zauna sai ya kwantar da ta farkon, ya karɓe aikin duka. Mai saye ya biya biyu, ɗaya na barci. Ni dai a ganina wannan wayon kasuwa ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi aka yi wa, don shi ne ya zaɓi mai arahar tun farko.

Allunan yau ba su da wannan gurbi ko ɗaya, ko da yake ƙwaƙwalwar Intel da AMD har yanzu tana gane umarnin 8087. Shi kuwa tsohon, in ya faɗa hannun masu sayen tsofaffin ƙarafa, ɗan zinarin jikinsa kawai suke dubawa.