Goruba a Gulbin Kaba

Matafiyin da ya bar Tasawa ya nufi Mayahi, da ya gangara cikin Gulbin Kaba zai ga daga inda sunan ya samo asali. Ba kasafai ruwa ke gudana a gulbin ba, amma akwai shi a ƙarƙashin yashi, kuma goruba ta san inda yake. Ga ta nan tsakiyar gonakin hatsi, kowace ta rabu reshe biyu, reshen ma ya sake rabuwa.

Ba a dasa ta layi-layi kamar mangwaro, amma kuɗi take kawowa. Ran kasuwa a Mayahi ana auna ƴaƴanta a buhu, fatake su loda zuwa Maraɗi, wasu har Nijeriya. Mata suna daka ɓawon su sayar da garin. Ƙodagon kuma yana shiga wutar maƙera. Tsofaffin wurin ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba, sa'ad da hatsi ya ƙi, goruba ta riƙe gidaje da dama.

Sai dai akwai abin dubawa. Manyan itatuwan suna tsufa, ƙananan kuma ba a barinsu su tashi. Kaba ita ce ɗiyar goruba. Masu saƙar tabarma da igiya da faifai suna yankar ganyenta tun tana ƙasa, su sake dawowa kafin ta murmure, sai ta dawwama a tsugune ba tsawo ba ƴaƴa. Ba laifin matan ba ne, da kuɗin kaba ake cefane. Amma duk gonar da aka aske kabarta kakaf kowace shekara, mai ita ba zai ga goruba ba.

Wasu manoma sun gane. A kowane kurmin kaba sukan zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su hana a taɓa, a yanki sauran. Dabarar sassabe ke nan ta barin tsiro, wadda ta bazu a jihar Maraɗi bayan 1984. Ana barin fiye da ɗaya ne domin goruba akwai mace akwai namiji, macen kaɗai ke haihuwa, kuma ba a bambance su sai sun yi fure.

Can kan tudu, inda goruba ta yi ƙaranci, magarya ce. Idan aka aura mata reshen irin Indiya, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa, ƴaƴanta sukan ninka na daji girma sau da yawa. Sai dai tana son shinge, don awaki ba sa raga mata.